Ba Ƙodarsa Nake So Ba

Ranar Talata ce. Injin wankin ƙoda yana ta jan jininta yana mayarwa, sai ga wani dogon saurayi ya turo ɗan keke marar taya, ya ajiye a ƙarshen gadonta.

"Sannu da jiki. Ni ne mai koyar da motsa jiki a ɗakin nan. Likita ya ce ki gwada taka wannan."

Ta kalle shi sama da ƙasa. Tela ce ita, ƙafafunta sun san keken ɗinki, amma tun da ciwon ya kama ta, ko ƙofar gida ba ta kaiwa sai ta huta.

Ta taka. Bayan minti biyu ta tsaya tana haki. Tun daga ranar ya laƙa mata suna Minti Biyu, ita kuma take ce masa Mai Keke.

Fara'arsa ba ta kwanta mata ba. Wanda ta yi shirin aura ma haka yake murmushi, har ranar da ya ji za a riƙa yi mata wanki sau uku a mako, ya daina ɗaukar wayarta. Don haka ta sa wa Mai Keke ido. Ta ga yana tsokanar tsohon direban da ke gadon kusa da nata kamar yadda yake tsokanarta, ta ce a ranta, aikinsa ne kawai.

Cikin wata huɗu ta kai minti ashirin. Ƙafafunta suka rage nauyi, har ta koma shago rabin wuni.

Sai kawai ya daina zuwa gadonta. Wata abokiyar aikinsa, kyakkyawa mai yawan dariya, ita ke kawo keken. Ta hango su biyun suna ƙus-ƙus a bakin ƙofa, ta juya fuskarta bango. Da ma ta sani.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Minti Biyu, ni na roƙa a canza miki mai kula. Bai dace in nemi auren wadda nake dubawa ba. Zan iya zuwa in gaida Baba?"

Ta karanta rubutun, ta amsa: "Tausayi ne?"

"Mutum goma sha takwas nake tausayi a ɗakin nan. Ke kaɗai ce in kin makara nake kasa zama."

Babanta ya yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda, daga bisani ya amince. Mahaifiyarsa ce ta ce atafau ba ta yarda ba. Ƙanwarsa ta kawo ɗinki shago, bakinta ya suɓuce: "Mama ta ce wai ƙodar Yaya kuke nema."

Maganar ta yi mata zafi. Bayan kwana uku ya zo hira, ta hango auduga manne a gwiwar hannunsa.

"Wa ya ɗebi jininka?"

Ya sosa ƙeya. "Gwaji na je, ko tawa za ta yi miki."

"Wa ya aike ka? Ka gaskata Mama ke nan. Yanzu duk wanda ya gan ni da kai, mahauci zai gani."

"Ranki ya daɗe, ban yi nufin..."

"Kwatanta mini gidanku."

Washegari ta tafi. Gidan a hawa na uku yake. Ta kama ƙarfen matakala ta hau ita kaɗai, ta huta sau ɗaya a tsakiya. Mama ta buɗe ƙofa, ta dube ta, ta dubi matakalar.

"Ai cewa aka yi ba kya iya tafiya."

"Da ne, Mama. Ɗanki ya koya mini."

Suka zauna. Mama ta tsare ta da ido. "Sakamako ya fito da safe. Jininku bai dace ba. Ba zai iya ba ki komai ba."

Telar ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. "Alhamdulillahi."

"Godiya kike yi?"

"Mama, na san zafin allura, balle wuƙa. Ba na so a yanka shi saboda ni. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ciwon nan ba ya tafiya. Wata rana ina ɗinki, wata rana ina kwance."

"To me kike so da ɗana?"

"Shi ɗin nake so, yadda kika haife shi."

Mama ta tashi ta ciko kofi da ruwa, har ta miƙa, sai ta tsaya.

"Ya ce ba a son ki sha da yawa, ko?"

Ta rage rabi a jug, sannan ta ba ta.

An ɗaura auren ranar Lahadi, ranar da babu wanki. Amarya ce ta ɗinka rigarta mai dogon hannu. Tsohon direban ya zo da sandarsa, yana gaya wa kowa cewa a gaban idonsa aka fara.

Da za su tafi, Mama ta riƙe hannun amarya, wanda ba a sa wa allura, ta ɗora a na ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ƙara miki ƙarfi, 'yata. Kai kuma, in ka ɓata mata rai, da ni za ka yi."