Ranar da Jirgin Umma Ya Juya

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ummarta matuƙiyar jirgin sama ce. Yau tana nan, gobe tana can. Yawancin kwanaki daga yarinyar sai kakarta a gida. Kaka kuwa da ta ci abinci sai gyangyaɗi.

Ranar raba kyaututtuka ta zo a makaranta. Yarinyar ce ta ɗaya a lissafi.

"Ƙarfe ɗaya zan sauka," in ji Umma a waya. "Kafin a kira ki, ina zaune a gaba."

Ciwon ƙafa ya hana Kaka zuwa. Yarinyar ta tafi ita kaɗai. Ta ɗora jakarta a kan wata kujera a layin gaba. Duk wanda ya zo zama sai ta ce, "Da mai ita."

Wajen ƙarfe biyu gari ya yi baƙi ƙirin. Iyaye sun cika ɗakin taro. Kujerar nan dai ba kowa.

Sai malamar ajinsu ta miƙo mata waya. "Ummarki ce."

"'Yata, hadari ya tare mana hanya," in ji Umma. "Na juya, mun sauka a wani gari. Ki yi haƙuri."

"Ruwan sama kawai?" in ji yarinyar. "Tsoro ne ya kama ki! Dama ba ki damu da ni ba!"

Ta katse wayar, ta fita da gudu. Ta shige ajinsu, ta kifa kai a kan benci. Tana ji ta lasifika aka kira ta har sau uku. Ba ta motsa ba. Aka wuce ta. Ta ji ana yi wa wasu tafi, ita kuwa sai hawaye.

Can sai ga malamin kimiyya ya shigo rufe tagogi.

"A'a! Ana can ana cigiyarki, kina nan kina taya sama zubar da ruwa?"

Ta kwashe labari ta gaya masa. Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗauko fankar tebur, ya kwantar da ita tana kallon sama, ya kunna ta. Ya naɗe takarda ya yi ɗan jirgi.

"Zo ki jefa shi ta saman fankar."

Ta jefa. Iska ta fizge jirgin, ta cilla shi sama. Ya wuntsila, ya faɗo ƙasa da ka.

"Haka cikin babban hadari yake," in ji Malam. "Mu nan ruwa muke gani yana saukowa. Amma a cikin gajimaren akwai iska mai zafi da ke hawa sama. Wani lokaci ta fi motar da ke gudu a babban titi sauri."

"Har ta iya ɗaga jirgin gaske?"

"Ta ɗaga shi, ta yi wasa da shi kamar wannan. Tana riƙe ƙanƙara a sama har ta yi girman ƙwai, ta fasa gilashi. Mutum nawa jirgin Ummarki ke ɗauka?"

"Ɗari da hamsin."

"To, kowannensu akwai mai jiransa a gida."

Yarinyar ta ɗauki jirgin takardar daga ƙasa, ta dube shi. Ta koma gida ba kyauta, ba Umma. Ta kasa cin abinci. Maganar da ta faɗa tana ta cin ranta.

Washegari da safe aka buɗe ƙofa. Ga Umma da kayan aikinta, idanunta jawur don gajiya. Yarinyar ta ruga ta faɗa jikinta.

"Umma, ki yafe mini. Ban sani ba."

"Na yafe, 'yata. Hadarin ya tsaya a gabana kamar tsauni. Ke na tuna, shi ya sa na juya. Gara in makara in zo da in kasa zuwa gaba ɗaya."

"To, ku saki juna haka nan," in ji Kaka, "kada ku karya mini ɗayar ƙafar!" Suka kwashe da dariya.

Ranar Litinin Umma ta raka ta makaranta. Yarinyar ta ba malamar ajinsu haƙuri, sannan shugabar makaranta ta miƙa mata kyautarta. Umma ta yi tafi har hannunta ya yi ja.

Tun daga ranar, yarinyar ta gane cewa kauce wa haɗari ba tsoro ba ne, hankali ne. Ta kuma koyi ta saurari dalili kafin ta yi fushi.