Wa Ya Kwance Melati?

"Kai! Wa ya ce maka haka ake ɗaure doki?"

Rosmini ta diro daga kan goɗiyarta tun ba ta gama tsayawa ba. Zangon ayarinsu na farko ke nan a filin Doro Ncanga, rana ta yi ja, ga wani baƙon saurayi ya ɗaure dokinsa a gindin magarya, igiya doguwa tana jan ƙasa, ƙulli kuwa tamau.

Saurayin ya ɗago yana murmushi. "Ƙullin jirgi ne. Ko guguwa ba ta kwance shi."

"To doki ba jirgi ba ne! In ya harɗe ƙafa ya faɗi, kafin ka kwance wannan abin naka ya shaƙe. Matsa!"

Ta ja dokin zuwa inda mahaifinta ya miƙa igiya tsakanin tsamiya biyu, sama da kan dawakai. Ta ɗaure ragamarsa gajere, da ƙullin da ake fizgewa da hannu ɗaya. Da ta juyo, ba ƙullin yake kallo ba.

"Me kake kallo?"

"Barkono," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda yake magana ba."

Sunansa Ruslan, ɗan masunta ne daga bakin tekun Kempo. Kawunsa ne ya rasu ya bar masa doki, shi ya sa ya biyo ayarin Aji Junaidin, mahaifin Rosmini, wanda kowane rani yake kora dawakai zuwa gindin dutsen Tambora inda ciyawa ba ta bushewa. Rosmini ta yi rantsuwa ba za ta ƙara kula shi ba. Kafin ayari ya isa Tambora, ita ce take ajiye masa gasasshiyar masara.

Da aka dawo gida, hirarsu ta koma ta waya.

"Barkonona, yau na ɗaure jirgin babana da ƙullinki. Yanzu haka muna nemansa a teku."

"Allah ya ƙara, Ɗan Kifi. Ka ci abinci?"

"Na ci, amma ba daɗi. Ba wanda ya yi mini faɗa."

Ranar da dangin Ruslan suka aiko tambaya, Aji Junaidin ko tabarma bai sa an shimfiɗa musu ba.

"Mutumin da yake ƙarnin kifi? Shi zan ba 'yata da dawakaina?"

"Ama, ai ba dawakai ya zo nema ba," in ji Rosmini, da sunan da take kiran mahaifinta.

"Rufe mini baki! Ga Dae Makmur nan, ɗan gidan girma, ga motar kaya, ga rumbun masara."

Dae Makmur kuwa tun Rosmini tana makaranta yake zuwa gidan, kullum da tabarau a goshi, kullum da labarin kansa. In ya zauna, sai ciwon kai ya kama ta.

Rani ya zagayo. Ruslan ya zo har ƙofar gida ya roƙi a bar shi ya sake bin ayari. Aji ya yi masa kallon sama da ƙasa, ya ce, "Biyo. Kai za ka riƙa ɗaure Melati, mu gani." Melati ita ce goɗiyar da Aji ya fi ƙauna a duniya, ga ta da ciki tsoho. Makmur ma ya ajiye motarsa ya hau doki, yana ta gyara zama kamar mai maruru.

A zango na biyu Rosmini ta faki ido ta duba ɗaurin Ruslan kafin magariba. Daidai yake, ba abin gyara. Ta kwanta da farin ciki.

Da gari ya waye, babu Melati.

"Na faɗa!" Makmur ya ɗaga murya. "Ɗan su-kamun-kifi aka ba amanar dukiya! Yanzu tana can tana jan igiya cikin ƙaya, ko ingarmun daji sun kore ta. Wa ya sani ma ko sayar da ita ya yi?"

Rosmini ta dubi Ruslan, tana jira ya buɗe baki. Shi kuwa sai ya dubi mahaifinta, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ka yi magana mana!" ta daka masa tsawa. "Ka koma ka taɓa ta bayan na duba?"

Ruslan ya ci gaba da kallon ƙasa.

Aji Junaidin ya ce, yana kallon wani wuri, "Kwashe kayanka."

Ta rubuta masa saƙo, tun ƙurar dokinsa ba ta kwanta ba: "Na tsaya maka gaban Ama, ka tozarta ni gaban Makmur. Ko ƙarya ka kasa yi. Kada ka ƙara kira na Barkono."

Sai da suka hau tudu amsa ta shigo: "Ki ci abinci, Rosmini."

Ta kusa jefa wayar cikin kwari.

Suka isa gindin Tambora. Aji ya daina cin abinci, ya daina faɗa, abin da bai taɓa yi ba. Makmur yana ta maganar ranar aure, ba mai amsa masa.

Wata safiya Rosmini tana wanke tukunya a bayan bukka, ta ji haniniyar da ta sani. Ta leƙo. Ruslan ne a ƙasa, yana jaye da dokinsa da hannu ɗaya, Melati da ɗayan. Goɗiyar tana ɗingishi, ya naɗe mata ƙafa da rigarsa. Shi kansa ƙaya ta yi masa kaca-kaca, leɓɓansa sun tsattsage.

Aji ya fito ya durƙusa, ya shafa cikin goɗiyar, ya ji motsi. Ya daɗe a haka. Bai san 'yarsa tana ji ba.

"Ka gan ni a wancan daren, ko?" ya tambayi Ruslan.

"Na gan ka, Aji. Ka tsawaita mata igiya don ta kai ga ciyawa."

"Tausayinta na ji. Ban ɗaure da kyau ba. Me ya hana ka faɗa?"

"Gaban mutanenka? Gaban 'yarka?"

Tukunya ta faɗi daga hannun Rosmini. Ta fito, idonta jajir.

"Ama! Kai ne? Kana tsaye aka kira shi ɓarawo, ka yi shiru? Ka kore shi cikin daji ba ko ruwa? Kai da kake hana ni ƙarya tun ina ƙarama?"

Aji ya kawar da kansa gefe.

Ta juya kan Ruslan. "Kai kuma kada ka yi mini wannan murmushin! Ka bar ni na zage ka, ka bar ni ina kuka a ɓoye, kai kana can kana gwanintar kunya! Da ka mutu a dajin fa?"

"Da na huta da faɗa," ya ce a hankali.

Ta ɗaga hannu kamar za ta doke shi, sai kuka ya ƙwace mata. Ta koma bukka ta ɗebo ruwa, ta dangwara masa kofi har rabi ya zube.

Makmur ya matso zai yi magana, Aji ya miƙe. Ya kira mutanen ayari duka, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, bai rage komai ba. Makmur bai jira abincin rana ba, ya bi wata motar rake ya koma gida.

Fushin Rosmini bai sauka da wuri ba. Ta daɗe tana kai wa mahaifinta abinci ba tare da ta zauna ba, shi kuma yana karɓa kamar yaron da ya yi laifi. Sai da ta ga ya sa hularsa ta Makka, ya taka har bakin teku, ya zauna cikin ƙarnin kifi a gidan su Ruslan ya ba iyayensa haƙuri, sannan ta sauko.

Bayan an cire masara aka ɗaura aure. Masunta suka zo da kifi kwando-kwando, makiyaya da zuma da nonon goɗiya, aka cika unguwa. Da za a tafi da amarya, Aji Junaidin ya kama hannun Ruslan.

"Ɗana, faɗa gare ta. A wurina ta gado. Ka yi haƙuri da mu duka biyu."

"Ama!" Rosmini ta ce daga cikin mayafi. "Yau ma?"

Aka fashe da dariya, har shi tsohon yana share ido. Ya ɗaga hannu ya roƙa musu zaman lafiya, da zuri'a mai gaskiya, da arzikin tudu da na ruwa. Jama'a suka shafa, Rosmini ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.