Tarin Barmo

Da Kyauta ta ɗaura wa Shekarau abin a wuya, sai ya ji wani sanyi kamar an kwantar masa da ɗan maciji. Ba shi da nauyi, bai fi awarwaro kauri ba. Ta taɓa shi da yatsa, ya yi ƙara siririya irin ta sauro, haske ya tsiyayo daga wuyan zuwa ƙafa, ya koma ya rufe kai. Shekarau ya dubi madubin da ke jingine a bayan dandali bai ga kansa ba. Wanda ya gani Barmo ne, taubashinsa, mai rabon ruwan Unguwar Marina, da tumbinsa da kafaɗar hagun nan da ta sunkuya tun yana saurayi mai ɗaukar jarka.

"Yi magana, Baba Shekarau," in ji Kyauta.

"Yau babu ruwa," in ji shi. Amma kafin maganar ta fito, sai da aka yi ɗan tarin nan da Barmo ke yi in zai faɗi abin da mutane ba sa so. Shekarau kuwa bai yi tari ba.

"Wa ya yi tarin?"

"Aro ce. In ka bar giɓi, sai ta cike da abin da ta sani."

Aro shi ne sunan da Kyauta ta sa wa na'urarta. Yarinyar 'yar unguwar ce, ta je Hawan Sama, unguwar manya da ke can saman birni, ta yi karatun injiniya, ta dawo ta buɗe shago kusa da marina. Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar faɗi. A Birnin Rufi kowace kwana akwai ido, wato kamarar da hukuma ta kafa don lura da gobara da yoyon bututu. Idanun nan ba sa barci, kuma ba sa mantuwa. Aro takan roƙe su abin da suka gani game da mutum ɗaya, tafiyarsa da zamansa da muryarsa, ta saƙa shi da haske ta yafa wa ɗan wasa. Ɗan wasa ya ja gaba, hasken ya bi shi. In ya tsaya, hasken ya ci gaba da zama mutumin.

Birnin Rufi, kamar yadda sunan ya nuna, a rufe yake. Tun da rana ta fi ƙarfin fatar ɗan Adam aka yi masa murfi na gilashi mai duhu. Gero da dawa a kan kantoci ake noma su, hawa bisa hawa, ƙarƙashin fitilu, ba damina ba rani. Abin mamaki shi ne mutanen Marina ba su yarda kaka ta mutu ba. Ba su da amfanin gona da za su shigar, amma duk shekara idan lokacin ya zagayo sai su ce kakar wasa ta zo. Dandalinsu tsohon tankin ruwa ne da aka tsaga biyu, murya na yawo a cikinsa kamar a rijiya. Nan masu gyaran lif, na'urar hawa bene, da marina da masu sayar da waina kan taru su yi wasanni da waƙoƙi har wata ya ƙare.

Suna da al'ada guda da suka gada. Wasan buɗe kaka, kwaikwayon wani babba ne na unguwa. Wanda za a kwaikwaya yakan zauna a sahun gaba da goro a hannu. In an gama yi masa tsiya, sai ya jefa goron kan dandali, ma'ana ya ci ya haɗiye, babu riƙo. Ba a taɓa jin wanda ya koma gida da goronsa ba.

Shekarau kuwa shi ke yin Barmo tun gashinsu na baƙi. Matashi yake cusawa a riga, ya karkata kafaɗa, ya yi ta tari har ya wuce kima. Barmo ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya jefe shi da goro a goshi, ya ce, "Bawan nan nawa bai iya komai ba. Ni haka nake?" Uban ɗayansu da uwar ɗayan wa da ƙanwa ne, don haka kowa cikinsu na cewa ɗayan bawansa ne, kuma har yau ba a raba gardamar ba.

Bana allon hasken da ke ƙofar dandali ya riga ya fara sanar da wasannin kakar. Akwai wasan waƙa na masu gyaran lif, akwai na tsohuwar kukar da ta rage ita kaɗai a birni, sai na buɗewa mai suna Sarkin Famfo. Kuma an ce mutanen Babban Zaure, gidan wasan manya, za su sauko daga Hawan Sama su gani, in ya yi musu, su ɗauki 'yan wasan su kai su can. Wannan magana ita ta hana Shekarau sukuni. Ya tsufa yana wasa a cikin tanki. Yana so sau ɗaya ya tsaya inda ake zama a kujera mai laushi.

Delu, tsohuwar zabiyar da ke jan waƙoƙinsu, ta zagaya shi tana kallon hasken, ta ja tsaki.

"Ni dai fuskata ta ishe ni, ko da ta yamutse. Shekarau, mutane kai suke zuwa gani kana fama da Barmo. In Barmo suke so, ai ga shi can bakin famfo kyauta."

"Iya Delu, zamani ne."

"To, Allah ya ba zamani lafiya."

Aka sa ranar gwaji, aka ce duk unguwa ta zo bayan la'asar. Tanki ya cika. Barmo ya zo da babbar riga, ya zauna a gaba yana juya farin goro a tafin hannu.

"Kai bawa," ya ɗaga murya, "an ce ka sayo fuska. Madalla, taka dama ta gaji."

Aka yi dariya. Shekarau ya taɓa wuyansa ya fito.

Da farko tankin ya yi tsit, don ga Barmo a zaune ga Barmo a tsaye. Sannan aka fashe. Na tsaye ya yi tari, ya ce babu ruwa, ya ja kunnensa, ya leƙa cikin jarka kamar mai neman allura. Delu ta ja waƙar Sarkin Famfo, mata suka amsa. Shekarau bai taɓa jin dariya irin wannan ba, har ƙarfen tankin na rawa. Ya waiga wajen Barmo ya ga yana murmushi, amma hular na nan daram a kansa.

A wasan akwai inda Sarkin Famfo ke komawa gida da yamma. An kafa ƙofar kwali a gefen dandali. Shekarau ya isa bakinta, sai maganar da zai faɗa ta ɓace masa. Tsufa ne, ba wani abu ba. Ya tsaya yana lalube a ransa.

Aro ta ga giɓi, ta cike.

Barmon haske ya dafa ƙofar. Ya sunkuyar da kai, ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ba wanda ya san Barmo na da ita, "Salamu alaikum. Kande, na dawo. Kin ci abinci?" Ya saurara, kamar mai jiran a amsa. Sannan ya gyaɗa kai.

Kande matar Barmo ce. Ta rasu shekarun baya, ba su haihu ba, kuma bai sake aure ba. Shekarau ya san da wannan sallamar. Ya taɓa biyo shi da yamma ya ji, ya koma da baya a hankali, bai faɗa wa kowa ba, bai kuma taɓa sa ta a wasa ba. Idon da ke saman ƙofar Barmo shi ma ya ji, kowace yamma, amma ido ba ya komawa da baya.

Samarin da ke baya, waɗanda ba su san Kande ba, suka kece da dariya. Wani ya maimaita, "Kin ci abinci?" Manya suka sunkuyar da kai. Delu ta ajiye ƙwaryarta. Shekarau ya fizge abin daga wuyansa, hasken ya zube, ya tsaya da ƙaramin jikinsa yana haki.

Barmo ya miƙe. Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Ya dubi goron da ke hannunsa, ya sa a aljihu, ya fita.

Kyauta ta yi kuka a bayan dandali. Ta ce ba ta san abin da ke cikin idanun ba, ita dai ta ce wa na'urar ta koyi mutumin duka. Kafin gari ya waye ta cire mata ikon cike giɓi. Amma abin da unguwa ta koya ba ya ciruwa: ashe idanun nan ba yoyon bututu kawai suke kallo ba, kuma wanda ya iya roƙonsu za su ba shi.

Daga nan Marina ta fara wani irin sauyi da ba a taɓa gani ba. Mai wainar da ke waƙa in tana juya tanda ta yi shiru. Tsohon da ke magana da tantabarunsa ya koma watsa musu hatsi kawai. Wani mai gyaran lif da ke ɗingishi tun haihuwa ya sayi takalmi mai tudu. Kowa ya tuna cewa baɗi ko baɗin baɗaɗa shi za a kwaikwaya, sai ya shiga tattara 'yan halayensa yana ɓoyewa, kamar mai kwashe shanya in hadari ya taso. Mutane suka koma tafiya iri ɗaya, gaisuwa iri ɗaya. Har atishawa sai mutum ya shiga ɗaki.

Shekarau ya je wajen famfo ya tarar da Barmo yana rabo. Ya miƙe kafaɗarsa ta hagu da ƙarfin tsiya, ana ganin zafin abin a jijiyar wuyansa.

"Ubangidana," in ji Shekarau. Bai taɓa kiransa haka ba. "Ga bawanka ya zo. Ka zage ni."

"Sannu, Malam Shekarau. Ina jarkarka?"

"Wane malam kuma? Barmo, ni ne fa. Wallahi ba ni na sa sallamar nan a wasa ba."

"Na sani."

"To ka ce wani abu. Ka ce ban iya komai ba."

"Ai ka iya," in ji Barmo. Ya juya ga matar da ke bayan Shekarau a layi ya ce, "Yau ruwa ya ƙare." Shekarau ya kasa kunne yana jiran tarin. Babu.

Mutanen Babban Zaure ba su jira buɗe kaka ba. Labari ya kai musu, suka aiko, ba 'yan wasa suke so ba, Aro suke so. Kyauta ta hana. Suka ce ba komai, tun da an san ana iya yi, injiniyoyinsu za su ƙera tasu kafin wata kakar, a raba wa kowace unguwa.

Ranar buɗewa Shekarau ya ciro tsohon matashinsa ya cusa a riga. Delu ta gyara masa shi. Da ya leƙa ta labule sai murna ta kama shi: Barmo ya zo, yana sahun gaba.

Ya fito ya karkata kafaɗa, ya yi tari har ya wuce kima, ya ja kunne. Ya yi duk abin da ya saba, ya ƙara da wanda bai saba ba. Tankin ya cika maƙil, amma ba a jin komai sai muryarsa tana zagayawa tana dawo masa. Ya ga dariya na tasowa a fuskoki, ya ga ana danne ta, don kowa da irin dariyarsa, kuma akwai ido a saman ƙofar tanki. Ya dubi mutumin da ke sahun gaba, zaune cak, kafaɗu daidai, hannaye a gwiwa, sai ya ga wanda yake kwaikwayo ba ya wurin. Ba ya ko'ina a unguwar.

Da aka gama aka tafa a tare, aka daina a tare. Barmo ya tashi ya zo bakin dandali, ya ciro goron nan, ya riga ya bushe ya yi ja, ya ajiye a gefe a hankali kamar mai mayar da kayan aro. Bai jefa ba.

Shekarau bai tsaya cire matashin ba, ya bi shi daga nesa. Fitilun rufi sun fara komawa ruwan goro, alamar yamma ta yi a waje. Barmo ya bi layin marina, ya wuce famfo, ya isa ƙofar gidansa. Shekarau ya laɓe a kwana yana roƙon Allah a ransa. Barmo bai dafa ƙofar ba, bai sunkuya ba. Ya tura ya shige, kamar mai shiga gidan haya.

Shekarau ya daɗe a tsaye. Sannan ya matso, da tumbinsa na ƙarya da ya zame gefe guda, ya dafa ƙofar da tafin hannu.

"Kande," ya ce a hankali, "ya dawo."

A saman kansa idon ya ɗan juyo, ya adana wannan ma.