Takardar da Idwal Bai Sa Wa Hannu Ba

"Maimaita, Gethin. Wataƙila ƙarar tukunya ce ta hana ni ji."

Nesta ta kashe murhu, ta juyo da ludayi a hannu. Gethin Pritchard, wanda tun a mota yake bitar jawabinsa har ya haddace shi tsaf, ya laluba kansa ya tarar babu ko kalma ɗaya.

"Na ce... kuɗin nan da muke tarawa. Zan biya harajin gadon Baba da su."

"Kuɗin sayen gidanmu?"

"Kamar aro ne, Nes..."

"Aro daga wa? Yaushe aka tambayi mai su?"

Mu mazan garin nan muna da wata baiwa: mukan yanke hukunci mu kaɗai a cikin mota, sannan mu shigo gida mu kira shi shawara.

Mahaifinsa Idwal, mai gyaran jiragen masunta, ya rasu a ƙarshen hunturu. Abin da ya bari shi ne ɗan gidan dutse a saman mashigin jiragen ruwa, mai rufi mai yoyo. Da can babu mai kallon gidan sau biyu. Amma tun da masu kuɗin birni suka gano cewa tekunmu na Wales yana da kyau a hoto, gidan ya yi tsadar da shi kansa Idwal da ya ji sai ya tashi ya yi dariya.

A wasiyyarsa ya naɗa Gethin wasiyyi, wato mai kula da rabon gadon, ya bar wa Glenys gidan. Glenys ita ce ta shigo gidan Gethin yana ɗan shekara bakwai, bayan uwarsa ta bi wani mai sayar da tagogi zuwa Sifen. Ita ta yi masa wanka, ita ta zauna a kansa ranar da ya karye a hannu. Shekara ashirin da bakwai tana tare da Idwal, kowa a gari yana kiran ta matarsa. Kowa, ban da gwamnati, domin ba su taɓa zuwa ofishin rajistar aure ba. Idwal yakan ce takarda ba ta ɗumama gado.

Da matarsa ce a takarda, ko sisi ba za a karɓa ba. Tunda ba ita ba ce, hukumar haraji tana jiran kusan fam dubu saba'in. Kuma kotu ba ta ba wasiyyi takardar izinin raba gado sai an fara biya, gidan kuwa ba ya sayuwa sai da takardar. Wanda ya tsara wannan doka, na tabbata bai taɓa binne uba ba.

"Fansho kaɗai gare ta," in ji Gethin. "In ban biya ba, ƙarshenta dai gidan za a sayar. In kai ta ina?"

"Kana ganin ni ba na son Anti Glenys? Da ka tambaye ni, da ni zan kai ka banki!"

"To me ye na faɗan?"

Nesta ta ajiye ludayin a hankali. Wannan ya fi tsorata shi da a ce jifan sa ta yi da shi.

"Shekara tara, Gethin. Duk sanda na yi maganar aure sai ka ce in mun sayi gida. Yanzu kuɗin gidan sun tafi. To sai yaushe?"

"Haba, masoyiya... ai takarda ce kawai."

Tun kafin maganar ta gama fita ya ji muryar wanda ya aro. Ita ma ta ji.

"Je ka faɗa wa Anti Glenys haka," ta ce. "Ni na tafi wurin yayata. Miyar ta nuna, gishiri ne babu."

Akwai abin da bai faɗa mata ba. Lauyar da ke riƙe da maganar gadon, Madam Bevan, ta nuna masa wata ƙofa. Doka ta yarda magaji ya sauya rabonsa bayan rasuwa. Idan Glenys ta sa hannu ta janye, gidan ya koma sunan Gethin, to rangwamen da ake yi wa ɗan da ya gaji gidan ubansa zai cinye harajin gaba ɗaya.

"Sai dai ba za mu rubuta cewa tana da haƙƙin zama ba," lauyar ta ce. "Muna rubutawa, rangwamen ya tashi. Amana ce kawai tsakaninku."

Gethin ya ce a'a tun kafin ta rufe baki. Yana wurin ranar da aka karanta wasiyyar. Ya ga yadda Glenys ta ɗora yatsa a kan layin da ke ɗauke da sunanta, ta bar shi a wurin har aka gama. Ba shi ne zai je ya ce ta goge ba.

Kwanaki ya yi yana cin miyar da babu gishiri, don a ganinsa abin da ya cancanta ke nan. Ranar Asabar da hantsi ya hau tudun zuwa gidan.

Takalman ruwan Idwal suna nan a bakin ƙofa. A tsakiyar ɗakin girki, bokitin nan na tun fil azal yana karɓar ɗigon rufi. Glenys ta yanka masa biredi mai zabibi, ta shafa man shanu kamar za ta yaɓe bango, ta zuba shayi.

"Ka rame. Ina Nesta?"

"Tana... ta je gaida yayarta."

"Da akwati biyu? Ɗan nan, garin nan ko atishawa ka yi a mashigi sai an ce maka sannu a coci."

Ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

"Jiya na kira Madam Bevan," ta ce.

"Anti!"

"Kar ka yi min Anti. Gadona ne, dole ta amsa min. Wato akwai hanya, ka ɓoye min, ka je za ka ƙone aurenka don ka ɗumama ni?"

"Ai ba aure ba ne tukuna..."

"Yauwa! Ashe ka sani."

"Ba zan ce ki cire sunanki ba. Shi kaɗai ne abin da ya rubuta miki."

Ɗigon ruwa ya faɗa cikin bokiti, wani ya biyo shi.

"Gaskiya ne," Glenys ta ce can ƙasa. "Shi kaɗai ne. Ranar da na gani na zaci zuciyata za ta fashe. Ka san a asibiti da suka tambaye ni ko ni wace ce a wurinsa, sai da na tsaya tunani? Mutumin da na san yawan sukarin shayinsa, na san wace gwiwa ke masa ciwo in za a yi ruwa... na tsaya ina neman sunan da zan kira kaina."

"Me ya sa ba ki taɓa matsa masa ba?"

"Na jira ya faɗa da kansa. Sau ɗaya ya ce za mu je, in ya gama gyaran rufi." Ta nuna bokitin da haɓa. "Ga rufin."

Gethin ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya sa bayan hannu ya goge ido. Ta bar shi ya gama.

"Ya so ni, Gethin, ban taɓa shakka ba. Amma sonsa ya bar ni da hukumar haraji. Zan sa hannu. Gidan ya koma sunanka, ka bar yarinya da kuɗinta."

"Wallahi ba zan taɓa fitar da ke ba. Ko da..."

"Na sani, ni na raine ka. Ba kai nake tsoro ba, motar kifi nake tsoro."

"Wace motar kifi?"

"Wadda za ta buge ka gobe, yadda kake tsallaka titi kana kallon waya. Ba mata, ba ɗa, ba wasiyya. Ka san wanda doka za ta ba gidan nan? Na tambaya. Uwarka!"

Gethin ya ƙware da shayi.

"Ta taso daga Sifen da baƙin tabarau ta canja min labule? A'a. Sharaɗina biyu. Ka rubuta wasiyya. Sannan ka je ka tambayi yarinyar nan abin da ubanka bai tambaye ni ba. In ta ƙi ka, ruwanta, kuma ba zan ga laifinta ba. Amma ka tambaya."

Ya tarar da Nesta a bayan gidan yayarta tana shanya kaya, iska na fizgar zanen gado daga hannunta. Ta gan shi, ta ci gaba da aikinta.

"Nes, an samu mafita. Anti za ta janye, harajin ya faɗi, kuɗinmu suna nan."

"Madalla."

"Sannan... ya kamata mu yi aure. Kin ga, in na mutu a haka, gidan hannun uwata zai koma, kuma ta fuskar haraji ma mata da miji..."

Ta juyo da abin maƙale kaya a baki. Ta cire shi a hankali.

"Gethin Pritchard. Shekara tara ina jiran wannan rana, ka zo min da haraji?"

"Ba haka nake nufi..."

"Ka je ka auri Madam Bevan! Ita ta san kan abin!"

Daga tagar sama yayarta ta leƙo. "Ƙanena, in ba ka iya ba koma mota ka sake bita!"

Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Amma ƙasar garinmu dutse ce, ba ta yi wa kowa wannan alfarmar. Ya tsaya, iska ta watso masa jiƙaƙƙen zanen gado a fuska, ya kama shi ya riƙe.

"Tsoro nake ji," ya ce.

Nesta ta dakatar da shanyar, ta dube shi.

"Uwata da Baba sun sa hannu a takarda, da coci da furanni da komai, ta tafi. Anti Glenys ba ta sa hannu a komai ba, ta zauna. Ni tun ina yaro na ɗauka takardar ce ke korar mutane. Na ce in ban ɗaure ki ba, ba za ki ji kina son kuɓucewa ba."

"Wawa," ta ce, amma a hankali.

"Na yarda. Yau na ji Anti tana cewa a asibiti ta rasa sunan da za ta kira kanta. Nes, ba na so wata rana a tambaye ki ke wace ce a wurina ki tsaya tunani. Ko gida babu, ko sisi babu... ina so ki ce matata ce ni, a rubuta, kowa ya gani. Za ki aure ni?"

Hawaye ya gangaro mata. Ta share da gefen rigar da ke hannunta, wadda ta mijin yayarta ce.

"In na ce sai mun sayi gida fa?"

"Sai in ce na cancanci haka."

"Riƙe min bakin zanen nan da kyau, kana jan shi a ƙasa." Ta maƙale gefe ɗaya, ta maƙale ɗayan, sannan ta dube shi. "Eh. Amma daga yau duk hukuncin da ka yanke a mota, ka bar shi a motar."

"Ta ce eh!" yayar ta kwarma wa duk unguwa.

Glenys ta sa hannu a ofishin lauya ba tare da ta cire safar hannunta ba, kuma ba ta sake kallon layin ba. Takardar izinin kotu ta fito a lokacin da ta ga dama, kamar yadda ta saba.

An ɗaura auren a ofishin rajista ranar wata Juma'a mai yayyafi. Da aka zo wurin shaidu, Gethin ya miƙa wa Glenys alƙalami.

"Mama, bismillah, ke ce ta farko."

Bai taɓa kiran ta haka ba. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sa tabarau, ta bi takardar da ido tun daga sama, yadda take karanta komai yanzu. A wurin sunan mahaifin ango ta tsaya: Idwal Pritchard, marigayi, mai gyaran jiragen ruwa. Ta sauko da yatsa kaɗan zuwa inda aka bar mata fili, ta rubuta sunanta baƙi bayan baƙi.

"To, Idwal," ta ce, ba ta damu da wa ke ji ba. "Ga shi dai an shigo da kai ofishin nan. Takardar aure ɗaya, da sunanka da nawa. Ba kusa da juna ba ne, amma na karɓa."

Ta juya wurin ma'aikaciyar rajista, wadda ke faman neman hankici.

"'Yata, in za a buga musu tasu, a buga min tawa. Zan biya."

Takardar tana nan yanzu cikin gilashi a ɗakin girkin Glenys, sama da butar shayi. Rufin kuwa har makon jiya yana yoyo. Gethin ya ce zai hau ya gyara da zarar ruwa ya ɗauke.

Matan biyu suka dubi juna. Nesta ta ɗauki waya ta kira mai gyara.