Shafin da Aka Yanke a Kilvarra

Ranar Talata da safe Fada Devane ya buɗe littafin baftisma na cocin Kilvarra, ya tarar an yanke takarda guda daga cikinsa, ta watan Maris zuwa Mayu na 1957. Baƙon da aka buɗe littafin dominsa yana tsaye a gefe da hularsa a hannu. Sunansa Neil Sorensen, shekararsa sittin da bakwai, daga Boston ya zo, kuma ranar Juma'a jirginsa zai tashi.

Mu a nan yankin Mayo mun saba da Amurkawa masu neman asali. Duk bazara suna zuwa da manyan takalma, kowa da labarin cewa kakansa wani babba ne, mu kuwa mu nuna masa kangon da ya fi kusa ya yi kukansa ya tafi. Wannan ba irinsu ba ne. Ba kakan kaka yake nema ba, uwarsa yake nema. Yana wata takwas aka miƙa shi ga wasu ma'aurata aka haye teku da shi. Abin da ya sani kaɗan ne: an yi masa baftisma a Kilvarra ranar tara ga Afrilu, da sunan Cornelius, kuma gurbin iyaye a takardarsa fayau yake.

Sajan Nuala Costello, 'yar sandar garin, ta iso da rigar ruwa tana ɗiga. A cikin littafin nan aka rubuta sunanta ita ma, don haka ta ɗauke shi da ladabi. Yankan ya miƙe sak, ba ko karkata. A tsakiyar littafin ta ga ɗan garin fure ruwan ɗorawa ya manne.

"Wa ya san za a buɗe shi yau, Fada?"

"Ni, da Packie. Ranar Lahadi na faɗa masa."

"To duk Mayo ta sani ke nan. Makullan ofishin nan guda nawa ne?"

"Biyu na sani. Nawa da nasa."

Ba ta ɓata lokaci wajen zargin Fadan ba. Shekararsa biyu kacal a garin, shi ne kuma farkon wanda ya yarda a nuna wa Neil littafin. Litinin kuwa a garin Castlebar ya wuni wajen jana'iza.

Packie Lavelle, mai kula da coci, yana goge fitilu ta same shi.

"Ni, Sajan? Dubi hannuwan nan!" Ya ɗaga su suna karkarwa. "Burodi ma matata ke yanka mini tun da na kusa raba kaina da yatsa. Kuma da ina da sirri irin wannan, ai da tuni ya kai Dublin ya dawo."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa. Wa ya shigo jiya?"

"Ba kowa. Sai Mis Moran da furanninta, ita kuwa ai ba a lissafa ta, kamar bangon cocin take."

"Makullinta na da fa? Ta mayar?"

Packie ya buɗe baki, ya rufe. Wannan ne karo na farko da Nuala ta ga maganarsa ta ƙare.

Attracta Moran ta yi shekara arba'in tana sakatariyar cocin kafin ta ajiye aiki. Yanzu tana da tamanin da huɗu, ba ta taɓa aure ba, ita ke shirya furannin bagade duk Litinin. Ita ta koya wa Nuala addu'o'in farko. Nuala ba ta so zuciyarta ta tafi can ba, kuma garin fure da makulli ba su isa a tuhumi tsohuwa ba. Sai ta koma wajen baƙon, a ɗakin shan shayi na masaukinsa.

"Ka taɓa rubuto wa cocin nan?"

"Sau uku, Sajan. Amsa ɗaya nake samu."

Ya zaro wasiƙun daga aljihun ƙirji, sun yi laushi don ninkewa. Na 1991, na 1996, na 2002. Kowacce ta ce ofishin coci ba shi da ikon ba da bayani, sa hannu A. Moran. Amma a ƙasan ta ƙarshe akwai layi guda da aka ƙara da hannu: ana fatan yana rufe ƙirjinsa da kyau, don an ce sanyin Boston ba shi da kirki.

"Ka gaya musu kana da ciwon ƙirji?"

"A'a. Da shi aka haife ni, amma me zai sa in faɗa wa ofis? Na ɗauka kirkin mutanenku ne."

"A coci ka yi aure?"

"A coci, 1983. Matata Ellen ta rasu bara. Ita ta sa na yi alkawarin zuwa."

Nuala ta ajiye kofinta. Duk ɗan Katolika ya san ƙa'idar: ko a ina mutum ya yi aure a duniya, sai an aika wa cocin da aka yi masa baftisma, a rubuta a gefen sunansa. Ta koma coci, ta ari madubin motar Packie da ya daɗe da ɓallewa, ta kara shi a shafin da ke fuskantar wanda aka yanke. Akwai tabon tawada a gefe, rubutu a juye, alamar an rufe littafin tawada ba ta bushe ba. Ta bi sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya. A shekara arba'in na aikin Mis Moran, sau ɗaya tak hakan ta faru. A cikin madubin rubutun ya fito: ya yi aure, Boston, 1983. A ƙarƙashinsa kalma guda ƙarama.

Kan hanya ta ratsa maƙabarta. A garin nan ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci, wanda ba a ambaci ubansa ba kuwa sai ya ci na mahaifin uwa. Duk filin nan Cornelius ɗaya ta samu, Cornelius Moran, ya rasu 1969. Ta daɗe tsaye a cikin yayyafi, tana jin haushin aikinta.

Mis Moran ta buɗe ƙofa kafin a ƙwanƙwasa. Kofi biyu suna kan tebur, da burodin gida a yanke.

"Shigo, 'yar nan, kin jiƙe sharkaf. Tun kina ƙarama ba kya jin maganar laima."

"Mis Moran, takardar nake nema."

"Me ya sa kika zo nan?"

"Garin furen da ke cikin littafin na bagade ne. Makulli na uku yana hannunki. Yankan na mai tsayayyen hannu ne, ba na Packie ba. Kin san ciwon ƙirjinsa alhali bai faɗa wa kowa ba. Sunan mahaifinki ya ci. Sannan tawadar 1983 ta bar sawu a ɗaya shafin, na karanta abin da kika ƙara."

"Me na ƙara?"

"Ɗana."

Tsohuwar ta zauna a hankali. Ta jawo littafin addu'arta, ta fito da takardar, ko lanƙwasa babu.

"Shekarata goma sha bakwai. Babana ya ce ko yaron ya tafi ko ni. Na sa masa sunansa don in ga ko zai yi taushi, bai ko kalle shi ba. Ranar da sanarwar auren ta zo ni kaɗai ce a ofis. Na rubuta, sai na ji takun Fada na lokacin, na rufe littafin da sauri."

"Zamani ya sauya, Mis Moran. Ba mai jifanki yau."

"Kina tsammanin mutanen gari nake tsoro? Rabin waɗanda za su yi gulmar suna kwance kusa da babana." Ta dafa takardar. "Kwanan watan nake tsoro, Nuala. In ya ga 1957, zai ce yarinya ce, an fi ƙarfinta. In ya ga 1983 fa? Babana ya mutu, ba mai hana ni. Shekara arba'in da ɗaya na san garin da yake, na san sunan matarsa. Sau uku ya ƙwanƙwasa, ni ce na rufe ƙofar. Wannan wa zan ɗora wa?"

Nuala ta dubi takardar. Tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta, ta rasa wanne ya fi.

"Fada ba zai kai ƙara ba in takarda ta koma," ta ce. "Amma gobe za a nuna masa, haƙƙinsa ne. Ko ya karanta a ofis, ko ya ji daga bakinki."

Da yammacin ranar Nuala ta kawo Neil gidan. Ta tsaya daga bakin ƙofa. Neil ya sunkuya don ƙofar ta yi masa gajarta, ya karɓi takardar, ya sa tabarau. Ya karanta sunan uwa, ya karanta gefen shafin. Ya daɗe a kan gefen.

"Ellen ta so ta san ki," ya ce. "'Yarmu ta fari sunan uwata muka so mu sa mata, amma ba mu san shi ba."

Mis Moran ta riƙe bakin tebur. Ba ta roƙi gafara ba, ta san ba ta da bakin roƙo.

Sai ya sa hannu a aljihun ƙirji, ya fito da wasiƙun nan uku, ya jera su a kan tebur kusa da kofin shayi. Ya dubi sa hannun, ya dubi yatsunta.

"Kullum ina cewa ba ni da komai nata, ko hoto," ya ce. "Ashe tun 1991 nake yawo da rubutun uwata a aljihu."

Mis Moran ta miƙa hannu, ba ta kai fuskarsa ba. Maɓallin rigarsa na sama ta kama, ta ɓalla masa shi, don an bar ƙofa a buɗe kuma iska tana shigowa.