Gorar da Aka Karya wa Dambaru

A kan tafkin Chilika suka haɗu, lokacin da agwagwin ƙetare suka cika fadamarmu. Sanjukta ta zo daga birnin Katak da mahaifinta kallon tsuntsaye, ɗana Dambaru ne ya tuƙa su da gora. A wannan aikin ba a magana cikin kwale-kwale. Yini guda yana nuna mata zalɓe da haɓa, ita kuwa haɓar take kallo.

Da suka sauka a gaɓar tafkin ta ce, "Mai jirgi, wai kana da murya kuwa?"

"Ina da ita. Ba a taɓa nema ba ne."

Daga nan sai waya. Ya rubuta mata, "Tsuntsuwata, yau balbela ta sauka inda kika zauna. Na ce mata wurin da mai shi."

Ta amsa, "Bebena, ka riƙe min shi."

Ubanta ya ce ba zai ba ɗan maharbin tsuntsaye 'yarsa ba. Eh, mijina ya yi farauta. Amma ya rantse gaban gunkin garinmu tare da sauran maza cewa ya bari, kuma har ya mutu bai ƙara taɓa ko gashi ɗaya ba.

Akwai Trilochan mai masaukin baƙi, wanda shi ma ya sa wa yarinyar ido. Wata safiya aka tsinci agwagwi da murɗaɗɗen wuya ƙarƙashin katakon jirgin Dambaru. Dattawa ba su tambayi kowa komai ba. Suka karya gorarsa a bainar jama'a, yadda ake yi wa wanda ya karya rantsuwa, suka hana shi shiga ruwa da jirgi. Trilochan na tsaye yana ɗaukar hoto, ya tura wa Sanjukta.

Wayarta ta yi shiru. Ɗana ya daina cin abinci.

Sai ga ta wata rana ta sauko daga bas, idonta jawur.

"Bebena, ɗago ka dube ni. Kai ka yi?"

"Ba ni ba ne."

"Na sani. Na tuna yadda ka yi dogon kewaye da mu saboda sheƙa ɗaya mai ƙwai, Baba yana ta faɗa. Shirun da na yi maka ne nake jin kunyarsa."

Aka ɗaura aure, ubanta bai zo ba. Ba ta kawo zinariya ba. Sabuwar gora ta shigo da ita gidana a kafaɗa, da jan lallen amarci a tsagar kanta.

Allah ya yi musu albarka, ya ba su 'ya'ya masu zuciyar uwarsu.

Sabuwar gorar tana nan jingine da bango, ba ta taɓa ruwa ba. Dambaru dako yake yi a kasuwar kifi, baƙinsa duk sun koma wurin Trilochan. Ku dattawa, ku kira mutumin nan gaban gunki ya rantse ba shi ya ajiye agwagwin ba, kamar yadda mijina ya rantse. Kafin nan, kullum da safe za ku same ni a ƙofarku.