Jirgi Mai Faci Kan Faci

A wani zamani, a wani gari na bakin tafki, an yi wasu 'yan tseren jirgin ruwa, irin wanda iska ke turawa da ƙyalle. Shugabansu Mamuda kullum shi ne na ɗaya. Suka ƙulla zumunci da wani gidan marayu, suna koya wa yaran tuƙi.

Ana gobe tsere, yaran suka kawo wa Mamuda kyauta: ƙyallen jirgi da suka ɗinka da tsofaffin tufafinsu, faci kan faci.

Mataimakinsa ya ce, "Maigida, wannan zai ja mu baya. Ga namu sabo fil."

Mamuda ya dubi sabon, ya dubi yaran. Ya ce, "Ɗaura nasu."

Aka fara tsere, yara na bakin gaɓa suna tsalle.

"Ga rigata can!"

"Ga zanena can!"

"Ga wandona can, yana gudu!"

Gari ya kaure da dariya da tafi. Mamuda ya zo na uku, amma shi aka ɗauka a kafaɗa.

Da yamma, wanda ya zo na ɗaya ya yi sallama a gidan marayu, yana sosa ƙeya.

"'Ya'yana, ko akwai sauran tsumma?"